Dandalin Roni da Daren Kano

Wanda ya tashi daga Roni da hantsi, ya fito Kazaure, ya hau titin da ya taso daga Daura ya miƙa kudu ta Ɗambatta, zai yi sallar azahar a Kano ba tare da wata gaggawa ba. Kusancin nan ne ya sa da zarar an ɗaure dammunan gero an kai dawa rumbu, samarin ƙasar Kazaure suke ɗaukar 'yan jakunkunansu su nufi birni cin rani. Wasu su yi dako a Singa ko Kantin Kwari, wasu ga-ruwa, wasu su karɓi Adaidaita Sahu suna kai balas kullum yamma. Wannan labarin rana ne, kowa ya san shi. Abin da ba a cika zama a tattauna ba shi ne daren da samarin nan suka baro a gida da daren da suka tarar a can. Dukansu biyu dare ne na kiɗa da waƙa da rawa da raha. Dukansu sun fitar da masu fasaha, kuma dukansu sun sha wa'azi sun sha doka. Sai dai ba abu ɗaya ba ne, kuma ina ganin mun yi saurin haɗa su mu yanke musu hukunci guda.

A Roni, da Gwiwa, da 'Yankwashi, da sauran garuruwan masarautar, daren nishaɗi yana da wurinsa sananne tun kaka da kakanni, wato dandali. Fili ne kawai, sau da yawa a kusa da ƙofar mai unguwa ko gindin wata babbar bishiya a tsakiyar gari. Ba shi da ƙyaure, ba shi da mai karɓar kuɗin shiga. Idan farin wata ya fito, aka idar da isha'i aka ci tuwo, 'yan mata kan fito da farantan talla, mai gyaɗa da mai dafaffen rogo da mai goro, su ajiye a gefe su ja da'ira. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa da tafi, wata ta saki jiki ta faɗo da baya, ƙawaye su tare ta su cilla ta sama. Gaɗa ke nan. Yara maza suna can gefe suna langa. Can sai mai kalangu ya iso da 'yan amshinsa, samari su kewaye, wanda aka kira sunansa aka haɗa da na budurwarsa ya fito ya yi liƙi. Sarkin samari yana tsaye, shi ne mai raba rigima, shi ne kuma mai cewa dare ya yi a watse. Dattawa ba sa zuwa, amma suna kan tabarma a ƙofar gida, kuma babu baitin da ke wuce kunnensu.

Kaka ita ce lokacin da abin yake cika. A yi kalankuwa, samari su naɗa wa junansu sarauta da muƙamai, wannan gwamna, wancan alƙali, wancan ɗan doka, a yi shari'ar wasa a ci tarar mutum a sayi goro. Gari ya gayyaci gari kokawa. Mahauta su sa dambe. A ƙasar da Fulani Yarimawa suka kafa sarautarta a ƙarƙashin Ɗantunku, rugage ba su da nisa da kowane gari, saboda haka shaɗi ma yana cikin abin kallo. Idan azumi ya kai kwana goma kuma yara su fito tashe gida gida, suna kwaikwayon malami da boka da gwauro da mai rowa, masu gida suna dariya suna ba da hatsi. Duk wannan babu wanda ya rubuta shi, babu wanda ya ɗauki nauyinsa, kuma babu wanda ya nemi lasisi kafin ya yi.

Wanda yake ganin wannan wasan yara ne kawai, ya duba waɗanda filin ya yaye. Alhaji Mamman Shata a dandalin Musawa ya fara, yana saurayi mai tallar goro, yana ba da waƙa samari da 'yan mata suna amsawa, tun kafin wani sarki ko attajiri ya san da shi. Da ya rasu a 1999 a Daura aka binne shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, daga kiɗan ƙwarya na cikin gida da taron biki da suna ta fito. Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa ma ba wata makarantar kiɗa ya shiga ba. Makarantar dandali tana da tsanani fiye da yadda ake zato. Mai waƙa yana fuskantar masu saurarensa ido da ido. Idan baiti ya yi rauni tafi ya mutu nan take, idan ya yi daɗi a sa shi ya maimaita har sai kowa ya haddace. Dole ya san sunan kowa da na kakansa, ya san wanda ya yi noma ya tara da wanda ya kwana a gindin bishiya damina ta wuce, ya ƙulla magana a tsaye ba tare da an ba shi lokacin tunani ba. Hausar da ake ji a bakin mawaƙan wancan zamani, mai nauyi mai habaici, a irin wannan fili aka gasa ta.

Ban ce dandali aljanna ba ne. Tallar dare ta jefa yara mata da yawa cikin abin da iyayensu suka yi kuka a kai. Tsarance ya kasance, kuma malaman da suka yaƙe shi suna da hujja. An sha tashi daga wasa da fasasshen kai saboda budurwa. Sannan al'ummar da take rawa da kiɗan makaɗi ita ce dai take hana shi auren 'yarta, tana kiransa maroƙi da sigar raini, ɗansa ma ya gaji rainin ko da bai taɓa rataya ganga ba. Waɗannan aibobi ne na gaske. Abin lura shi ne duk a fili suke faruwa, gari ya gani da safe, a kira uban yaro gaban mai unguwa, uwa ta hana 'yarta fita kwana bakwai. Laifin yana da mai shi, kuma akwai wanda zai tsawatar.

Daren Kano tun asalinsa a wajen ganuwa aka haife shi. Turawa sun yanka Sabon Gari a wajajen 1913 domin baƙin da suka biyo jirgin ƙasa daga kudu, kuma a nan ne mashaya da gidajen rawa suka zauna, nesa da idon birni. Sinimar Rex ta buɗe a 1937. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya ta ci mutum fiye da 300, mutanen gari da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah. Da aka buɗe Palace a cikin birni, kusa da Jakara, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, surutu ya yi yawa, kuma wanda aka gani yana shiga sai a sa shi cikin 'yan iska. Daga baya aka sami Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado da Wapa, inda samarin Kano suka shekara da shekaru suna kallon fina-finan Indiya har waƙoƙinsu suka zauna musu a kunne. Tun daga wancan lokaci siffar daren birni ta tabbata: katanga, ƙofa, tikiti, duhu, da jama'ar da ba su san juna ba. Mutum yana shiga ne domin ya huta da idon unguwarsu.

Wannan rashin sanin juna shi ne ni'imar daren birni, shi ne kuma masifarsa, kuma dole a faɗi ni'imar da farko domin ba a cika faɗarta ba. Bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sana'ar fim ta kafu, fiyano ya shigo, ƙananan situdiyo suka cika benayen Titin Gidan Zoo. Ɗaki ne ɗan ƙarami da aka lulluɓe bangonsa da soso, kwamfuta ɗaya, makirufo ɗaya, janareta yana ruri a waje, aiki kuma sai dare ya raba saboda zafi da hayaniya. A irin wannan ɗaki babu mai tambayar yaro ɗan gidan wa ne. Ɗan malami da ɗan mahauci da wanda ya zo cin rani daga Amaryawa layi ɗaya suke bi, wanda ya biya kuɗin kiɗa a buga masa. Gadon roƙo ya daina zama sharaɗi, kuma wannan ba ƙaramin 'yanci ba ne ga wanda Allah ya ba murya amma aka haife shi a gidan da waƙa abin kunya ce.

Ni'ima ta biyu ta bayyana ne lokacin da aka matsa wa masu fim da mawaƙa. Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A 2007, bayan wani abin kunya da ya yaɗu ta wayoyin hannu, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi ragamar hukumar, kotun tafi-da-gidanka ta fara aiki. An yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata uku a kan faifansa na Bahaushiya. An ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama a ƙarshen 2008. A 2009 aka haramta waƙoƙi 11 a lokaci guda, ciki har da Girgiza Kai ta Nazir Ahmed Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, da Hasbunallahu ta Aminu Ala da abokansa. Waƙoƙin nan ba su shiga kasuwa ba, gidajen rediyo ba su sa su ba, amma kusan kowane saurayi mai waya a Kano ya ji su, domin daga waya zuwa waya suka riƙa tafiya ta Bluetooth, a majalisa, a tashar mota, a teburin mai shayi. Wannan ita ce fasahar ɓoye ta Kano a ainihinta, kuma ta yi abin da makaɗin ƙauye ba zai iya ba. Mai kalangu a Roni yana da zambo da habaici, yana iya yi wa marowaci tsiya har ya bar gari, 'yan kama suna iya kwaikwayon malamai a yi dariya. Amma hatsin da zai ci a hannun masu gari yake, gidansa kuma kowa ya san ƙofarsa, saboda haka akwai inda harshensa yake tsayawa. Yaron situdiyo ya kalli gwamnati ya faɗa mata abin da ke ransa, muryarsa ta kai Maraɗi da Agadas kafin a gano ɗakin da aka buga kiɗan.

Ga kuma adanawa. Waƙar gaɗa tana rayuwa ne muddin akwai bakin da ke rera ta. Waƙar situdiyo, komai rauninta, tana nan. Yaron da ya yi waƙa guda a 2009 ya koma sayar da kayan gwari, jikansa zai iya jin muryarsa.

To amma daren Kano ba situdiyo kaɗai ba ne. Akwai gidan gala, kuma a nan ne ma'aunin yake karkata. Wuri ne da aka kewaye da bulo ko langa-langa, a Sabon Gari ko a unguwannin gefen gari, da benci a jere da ɗan dandamali da manyan lasifikoki. A biya a ƙofa a shiga. A saki waƙar fim, yarinya da saurayi su hau su yi mamin, a sa ɗan guntun wasan barkwanci a tsakani, sannan a koma rawa, masu kallo suna tasowa suna liƙi. Irin wannan ƙungiya ce take ɗaukar kayanta a mota ta bi garuruwan kasuwa, a kafa zana a bayan gari ranar da kasuwa ta ci, mutanen karkara suna ce musu 'yan dirama. A cikinsu akwai masu basira ta gaske, akwai masu barkwancin da za su sa mutum ya riƙe ciki, kuma wasu da aka sani a fim yau ta nan suka bi. Sai dai a tambayi su wane ne 'yan matan da ke kan dandamalin. Da yawansu daga garuruwa irin namu suka fito, wata auren fari ya mutu tana da shekara goma sha bakwai, wata ta gudo daga auren da ba ta so, wata talauci ne kawai. Abin da za ta samu ya dogara da liƙi, mai liƙi kuma ya san abin da yake saye da kuɗinsa. Babu sarkin samari, babu tsohuwar da ke jin baiti daga ƙofar gida, babu wanda zai je gaban mai unguwa da safe a kanta. Idan aka kawo samame ita ake sakawa a mota a nuna fuskarta, masu bencin kuwa sun tsallake katanga. Hukuma takan rufe gidajen idan azumi ya zo, a buɗe bayan salla, rayuwar yarinyar ba ta canja ba.

Rawar da ake yi a gidan gala da wadda aka yi a dandali, idan aka cire lasifika, ba su da nisa sosai. Yarinya ce take juyi, namiji yana ba da kuɗi. Bambancin yana ga waɗanda suke kallo. A dandali yayanta yana cikin da'irar, mai neman aurenta ma yana ciki, kuma abin da ya liƙa gobe za a lissafa shi cikin hidimar neman aure. A gala kowa baƙo ne. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba da aka haɗa su aka kira su duka baɗala, domin da aka tashi gyara, wanda ya fi sauƙin kashewa aka kashe. Dandali ba shi da katanga, ba shi da lasisi, ba shi da mai gida da zai je ya yi magana da hukuma. Wa'azi guda daga liman da umarni guda daga dagaci sun isa su share shi.

Ba zan ɗora mutuwar dandali a kan abu guda ba, domin hannaye da yawa ne suka taru. Wa'azin gyaran aƙida ya ƙara ƙarfi a karkara bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, ta ƙaddamar da shari'a a 2000 a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure. Makarantun Islamiyya na dare sun ɗauke 'yan mata a daidai lokacin da ake fita gaɗa, kuma wannan alheri ne da ba mai musunsa. Bidiyo ya shigo, waya ta biyo baya. Cin rani ya kwashe samari a daidai watannin da ake kalankuwa. Mai biki ya lissafa ya ga DJ da janareta sun fi masa sauƙi a kan makaɗa biyar da za a ciyar a sallama. Tsoro ma ya shigo, domin labaran rashin tsaro da ke zuwa daga yammacin Katsina sun sa iyaye ba sa son ɗa ya yi nisa da gida bayan isha'i. A Kano kanta 'yan sanda sun sha hana tashe a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da ke fakewa da shi.

A je Roni ko Babura yau da dare a ga abin da ya maye gurbin. Gidan kallon ƙwallo ya cika maƙil, ana musu a kan Arsenal da Barcelona. Teburin mai shayi da indomi yana da jama'arsa har sha biyu. Ga rumfar mai cajin waya, wanda shi ne kuma mai tura waƙa da fim, yana loda wa yara Hamisu Breaker da Ado Gwanja da DJ AB a kan 'yan kuɗi kaɗan. Duk waɗannan wuraren maza ne. Namiji bai rasa darensa ba, salo kawai ya sauya masa, daga mai yi ya koma mai kallo. Wadda ta yi asara ita ce yarinya. Gaɗa fasaharta ce, ita take ƙirƙira, ita take rerawa, a cikinta take faɗin wanda take so da wanda aka tilasta mata, take yi wa kishiyar uwa habaici, take kuka da ranar da za a kai ta gidan miji. Ita ce kaɗai kafar da al'umma ta ba budurwa ta ɗaga murya a bainar jama'a ba tare da an ce ba ta da kunya ba. An rufe wannan kafa ba a buɗe mata wata ba. Ruwan da aka toshe wa kwata kuwa ba ya komawa sama, gindin katanga yake bi. Yau tana cikin ɗaki da waya a hannu, tana rawa a gaban TikTok, masu kallonta dubbai ne kuma babu ko ɗaya da ya san sunan ubanta. Daren birni ya iso har cikin ɗakin uwarta ba tare da ta hau mota ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne birnin ma yana kewar abin da aka rasa. Shekarun nan 'yan matan Kano suka ƙirƙiro ranar ƙauyawa a cikin shagulgulan biki. A ɗaura atamfa a ƙirji, a yi kwalliyar ɗigo-ɗigo a fuska, a ɗauko ƙwarya da faifai da rake, a kama hayar wuri a yi rawa. A 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, a ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta shi saboda abin da ya rikiɗe ya zama. Na fahimci dalilin hukumar. Na kuma ji zafin yadda ake mayar da mutanen karkara abin dariya a wasu wuraren. Amma a ƙarƙashin duk wannan akwai yara da suke neman wani abu da kakanninsu mata suka samu kyauta a ƙofar gida, su kuma sai sun biya kuɗin zaure da na DJ, kuma abin da suke samu kwaikwayo ne, tufafin ba tare da waƙoƙin ba.

Idan aka ce in zaɓa wa mai fasaha, musamman namiji mai abin faɗa, zan ce ya tafi Kano. A can zai sami na'ura, ya sami abokan gogayya, ya sami kuɗi idan Allah ya yi, ya kuma faɗi gaskiyar da ba ta faɗuwa a gaban dagaci. Idan aka ce in zaɓa wa gari, da yaransa mata, da harshen da muke magana da shi, dandali ya fi, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Birni yana fitar da tauraro guda daga cikin dubu, sauran su zama masu saurare. Dandali kowa ya mayar mai waƙa ko mai amshi, har wanda muryarsa ba ta da daɗi yana da tafin da zai bayar.

Masu cewa zamani ya wuce, ba a mayar da shi, suna da gaskiya rabi. Ba za a kwashe wayoyi ba, ba kuma za a hana cin rani ba. Amma akwai abubuwa biyu a gabanmu da suke nuna taron dare a fili bai gagara ba. Na farko maulidi. Idan Rabi'ul Awwal ya kama, garuruwan ƙasar Kazaure da unguwannin Kano suna kwana a farke, an shimfiɗa tabarmi a titi, sha'irai suna karɓa-karɓa, ana karanta Ishiriniya, wani wurin ana buga mandiri, mata suna ɓangarensu, yara suna yawo da sababbin kaya. Dubban mutane ne a waje har asuba, kuma abin yana tafiya domin an san mai taron, an san dattawan da ke zaune a gaba, an san 'yan agajin da ke tsaye a bakin hanya. Na biyu dambe. Wasan mahauta ne na kaka a ƙauye, ya shigo birni ya sami gida a filin Ado Bayero da ke Sabon Gari. Ya karɓi katanga da tikiti, amma bai ɓuya ba. Akwai alƙalin wasa, akwai ɓangaren Kudu da Arewa da Guramaɗa, makaɗa suna nan da kalangunsu suna zuga kamar yadda Ɗan'anace ya yi wa Shago, a yi turmi uku in babu kisa a raba. Yau ana ɗaukarsa a waya ana kallo a ƙasashen da ba su taɓa jin Hausa ba. Dambe ya tsira ne saboda ya sami shugabanni da ƙa'ida da lokacin farawa da na tashi, ya kuma sami masu tsaya masa a gaban hukuma.

Gaɗa da kalangun samari ba su sami masu tsaya musu ba, kuma aikin da ke gaba iri biyu ne. Na gaggawa shi ne ɗauka. A Roni da Amaryawa da Gwiwa akwai tsofaffin mata da suka yi gaɗa a ƙuruciyarsu, waƙoƙin suna nan a kansu da amshinsu da salon tafinsu. Kazaure tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, Kano tana da sashen harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, kuma kowane ɗalibi yana da na'urar ɗaukar murya a aljihunsa. Ɗaliba mace ce za ta fi dacewa, domin ita za ta shiga har ɗaki ta gaida Iya ta zauna, kuma abin da tsohuwa za ta rera wa jikarta ba za ta rera wa baƙo namiji ba.

Na biyun ya fi wuya, shi ne mayar da filin kansa. Ba sai an jira gwamnatin jiha ba. Makarantun mata, na boko da na Islamiyya, suna da fili da katanga da malamai mata, kuma yammacin Alhamis guda a wata ya isa a fara. A matakin gari kuwa, bayan girbi, hakimi yana da ikon ware kwana biyu ko uku, a yi kokawa da rana, a bar wa 'yan mata fili tsakanin la'asar da magariba ko bayan isha'i zuwa ƙarfe tara, iyaye mata suna zaune, ba talla, ba lasifika, a kira mai kalangu a yanka masa ladansa tun kafin ya fara domin kada ya dogara da roƙo. Za a sami malamin da zai ce a'a, kuma bai kamata a yi abin a bayan idonsa ba. A je a same shi a zaurensa tare da dagaci da shugabar mata, a ce, Allah gafarta Malam, ga abin da yaranmu suke yi a ɗaki da waya, ga kuma abin da muke so su yi a gabanka, ka faɗa mana sharuɗɗan da za ka yarda da su.